Lambar Wayar da Adda Dije Ta Ara

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ummi uwata,

Ina gaishe ki gaisuwar uba. Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Gwagwalada lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da na direba mai gaggawa, Ya haɗa ki da maƙwabta na gari a inda za ki zauna. Na ba mamanki ta cusa miki ita a jaka, don na san idan na ce ki zauna mu yi magana baki da baki, kafin ki gama gyara zama na riga na ɗaga murya. Biro ya fi harshena haƙuri.

Tun ranar Juma'a ba ki kalle ni ba, kuma kina da gaskiya. Uba ba ya kiran 'yarsa ɓarauniya a gaban kwanon tuwo, a gaban baƙo, alhali ko allura ba ta ɗauka ba. Ki yafe mini wannan kalma. Amma fushin ba zan janye shi ba, sai dai in gaya miki daga inda ya taso.

Kabiru ɗan Baffanki Sale, wanda ya samo miki aikin nan a wurin gwajin jini, shi ne ya zo ya cika cikinsa da tuwon mamanki, sannan ya miƙe ƙafa yana koya miki yadda ake samun na gefe. Ya ce tunda aikinki shigar da sunayen marasa lafiya da sakamakonsu cikin kwamfuta ne, to akwai 'yan kamfani da ke zagayowa, masu sayar da magani da masu inshora, ba abin da suke so sai lambar wayar mutum da irin ciwon da ke damunsa. Ki tura musu, su ji daɗi, ke ma ki ji daɗi. Ina zaune ina jira in ji kin ce a'uzu billahi. Sai kika yi dariya kika ce, "To ai lamba ce kawai, Baba. Ba wanda zai mutu." Nan ne na yi abin da na yi.

To, bari in ba ki labarin lamba.

Kina firamare lokacin. Kin san Adda Dije mai fura da nono, wadda a da ke zama gindin darbejiyar da ke gefen shagona a Karu, wadda ke ƙara miki ludayi guda idan kin gaishe ta da Fulatanci. A lokacin matan ruga da yawa ba su da waya. Idan suka je asibiti aka ce su ba da lamba, sai su ba da ta wanda suka yarda da shi, wanda kuma suka san kullum yana wuri ɗaya. To wa ya fi tela zama wuri ɗaya? Sai lambata ta zama ta unguwa. Wannan ta zo ta ce, "Tela, na ba da lambarka a wurin awo." Wancan ya ce, "Tela, idan an kira daga asibiti ka aiko mini." Ni kuma kaina ya kumbura. Na ɗauki kaina ofishin gwamnati. Ina jin daɗin cewa ba abin da ke faruwa a layinmu ban sani ba.

Ana dab da Sallah, aiki ya taru mini har wuya. Kin san yadda nake yi idan hannuwana biyu suna ƙarƙashin allura: sai in danna wayar a lasifika in ajiye ta a kan keke, ina ɗinki ina amsawa. Shagon cike yake. Akwai mata masu jiran kayansu, akwai Danjuma direban tasi, ya ajiye motarsa kore da fari a bakin titi ya shigo inuwa da 'yar ƙwaryar furar da ya saya wajen Adda Dije. Ita kuwa tana waje tana dama wa wani.

Wayar ta yi ƙara, na danna. Wata murya mai santsi, irin Hausar nan ta Abuja da ba ta bambanta mace da namiji, ta ce, "Halo, Madam Dije ne?"

Na ce, "Tela ne, faɗi saƙonka, tana nan kusa."

Ya ce, "To ka gaya masa mun ga sakamakon gwajinsa, yana da ciwon hanta. Kada ya damu, muna da magani mai kyau daga waje. Idan ya saya yau akwai ragi."

Ummi, hannu ɗaya kawai zan ɗaga in kashe wayar. Wataƙila ƙarar keke ta hana rabinsu ji. Amma ubanki ne. Sai na tsayar da keken, shagon ya yi tsit, na ce da ƙarfi, "Wace Dije? Dije mai nono? Ciwon hanta?" Kamar wannan bai isa ba, na leƙa waje na ƙwala mata kira, "Adda! Zo ki ji wani maƙaryaci, wai ke ce da ciwon hanta!"

Ba ta taso ba. Ta dai daina dama furar. Da na ga yadda ta sunkuyar da kai, na gane ba ƙarya ba ne.

Danjuma yana da ludayi a baki. Ya zare shi a hankali, ya ajiye ƙwaryar a ƙasa, ya ce, "Oga Tela, ni dai na ƙoshi."

Ita Adda Dije ta riga ta karɓi sakamakonta da hannunta, likita ya zaunar da ita ya yi mata bayani, ya ce irin nata ba a ɗaukar sa a fura ko a ludayi, ya ɗora ta a kan kulawa. Tana neman ranar da za ta gaya wa mijinta ne a natse. Wanda ya kira ba likita ba ne, ba ma'aikacin wurin gwajin ba ne. Ɗan kasuwa ne da ya sayi lamba da sunan ciwo a hannun wani mai zama gaban kwamfuta, irin kujerar da za ki hau ranar Litinin.

Kafin la'asar labarin ya kai tasha. Mijinta a kara ya ji, wajen dillalan shanu, a bakin wanda ko gaisawa ba sa yi. Ita kuwa kin san nono ba atamfa ba ne da za a ajiye a jira kasuwa. Ta zo da ƙwarya cike, ta koma da ita cike. Mutanen da suka shekara suna shan furarta sai su ratse ta ɗaya gefen titi, suna ɗaga mata hannu daga nesa, wai su ga masu zumunci. Har 'yan uwanta na ruga ɗaya abin ya shafa, don an ce ai ƙwaryarsu ɗaya.

Ga abin da nake so ki riƙe. Lambar da kike gani a kwamfuta sau da yawa ba ta mara lafiyar ba ce. Mace na ba da ta mijinta. Yaron shago a Kasuwar Wuse na ba da ta ogansa. Tsohuwa na ba da ta surukinta. Mai sayen lambobi yana zaton ya sayi hanyar zuwa kunnen mai ciwo, nan kuwa wayar a aljihun wani za ta yi ƙara. Amarya mai cikin fari da kunya ta hana ta gaya wa ko uwarta, a shagon wan mijinta za a kira ana tallar maganin masu ciki. Direban da ke shan maganin hawan jini yana aikinsa lafiya, mai motar ne zai amsa, gobe ya karɓe makulli. Kin ce ba wanda zai mutu. Na yarda, Adda Dije ba ta mutu ba. Kasuwarta ce ta mutu, da ita take ciyar da yara.

Na ji Kabiru yana cewa wasu kamfanonin ma ba sa karɓar suna, ana goge shi. To a goge. A bar mace, Bafulatana, mai kimanin shekaru kaza, tana sayar da nono a Karu, ga ciwonta. Ki kawo wannan layinmu ki karanta wa mai faci, ki gani ko zai tambaye ki suna. Mu da muke gane mutum daga tarinsa a bayan katanga, mu za a ɓoye wa suna?

Kuskurena na biyu ya fi na farko, don shi na yi shi ne ina ganin ni jarumi ne. Washegari na rufe shago na nufi wurin da aka yi mata gwajin. Ban nemi shugaban wurin ba, ban nemi a keɓe da ni ba. Na tsaya tsakiyar ɗakin jira, mutane zaune a benci, na buɗe makogwaro: "Wane ɗan iska ne a cikinku ya sayar da sirrin Dije mai nono ta Karu? Don tana da ciwon hanta sai ku yi talla da ita?" Na zagi mai gadi, na zagi mai shara, na zagi kwamfutar kanta.

Wata nas, babbar mace, Sista Rifkatu suke kiranta, ta bar ni sai da numfashina ya ƙare. Sannan ta matso kusa ta ce a hankali, "Baba Tela, ka gama? Waɗannan da ke zaune, da safe ba wanda ya san wata Dije a cikinsu. Yanzu sun san sunanta, sun san sana'arta, sun san unguwarta, sun san ciwonta. Ka ce mu kamo maka wanda ya tona mata asiri. To mu fara da wa?"

Na juya na kalli bencin. Har da wata mata 'yar layin bayanmu a ciki, ta ƙura mini ido tana gyara mayafi. Na kama hanya na fita. Har yau ban san wanda ya sayar da lambar ba. Hayaniyata ce ta ba shi lokacin share sawunsa.

Saboda haka idan kin ga ana wannan ciniki a inda kike, kada ki yi irin ta ubanki. Fushi yana da daɗi a baki, amma bai taɓa ɗinke komai ba. Ki lura da kyau, ki tabbatar da abin da idonki ya gani, ki nemi wanda ke da alhakin wurin ki gaya masa a keɓe. Kuma ko a wajen kai ƙara, kada sunan mara lafiya ko ɗaya ya fito daga bakinki. Ki kai ƙarar mai sayarwa, ba wanda aka sayar ba.

Za ki ce ai daga nan na hankalta. Ina! Sai na ce tunda ni na ɓata, ni zan gyara. Na nemi bayani a kan ciwon hanta, na karanta duk abin da na samu a waya da tsofaffin jaridun da nake yanka samfurin riga da su. Sai na koma malami. Kullum da hantsi in sayi furarta, in tsaya a bakin titi ina sha ina ɗaga ludayi sama, duk wanda ya zo wucewa in tare shi: "Kai jahili! Zo ka sha! Ciwon hantar Adda Dije ba a ɗaukar sa a fura!" Wanda bai ji ba ma ya ji. Wanda ya fara mantawa na tuna masa.

Rannan ta kira ni. Ba ta ɗaga murya ba, kin san ta. Ta ce, "Tela, na roƙe ka wani abu?"

Na ce, "Faɗi, Adda, ko mene ne."

Ta ce, "Don Allah ka daina taimakona."

Na yi shekaru ina faɗa da mutane a tasha da kasuwa, ba wanda ya taɓa kayar da ni irin wannan kayarwa. Ta ɗauke ƙwaryarta ta koma can wajen Nyanya inda ba a san ta ba, ta sake gina kasuwa daga tushe, ga kuɗin mota da ya ƙaru mata kullum. Darasin shi ne, ciwon mutum nasa ne. Shi ke da ikon faɗa, shi ke zaɓen wanda zai gaya wa da ranar da zai gaya masa. Ko da niyyar alheri ba ki da hurumin ɗaukar sa ki kai wani wuri, balle da niyyar cika jaka.

Kada ki ɗauka ina gaba da kwamfutarku. Ni da na sha tsayawa layi a asibiti a ce katina ya ɓace, a sake tambayata tun daga haihuwata? Aikinki aikin lada ne. Idan bayanin mutum yana ajiye daidai, likita ba zai ba shi maganin da jikinsa ba ya so ba. Na kuma karanta cewa masu bincike na duba bayanan mutane da yawa don su gane yadda cuta ke yawo, su nemo magani. Madalla. Amma a tambayi mai abu, a yi masa bayani da harshen da yake ji, ya ce na yarda ko ban yarda ba, kuma idan ya ƙi kada a hana shi magani. Ko yadin da ya ragu a ɗinkin mutum ba na yi wa wani aljihu da shi sai na tambaya. Wanda ya miƙa hannu aka ɗebi jininsa, don a duba lafiyarsa ya miƙa. Bai san an buɗe kasuwa a bayansa ba. Kuma abin da aka sayar ba ya dawowa. Wanda ya saya zai sayar wa wani, wancan ya sayar wa na gaba. Shekaru bayan haka ana kiran wayata ana neman Madam Dije, yau masu magani, gobe masu addu'a, jibi waɗanda ban ma gane abin da suke sayarwa ba.

Yanzu ga yadda za ki yi, tunda na san za a zo miki. Ba za su zo da ƙaho ba. Za su zo da fara'a, su kira ki ƙanwata, su kawo miki lemo mai sanyi. Kada ki yi musu wa'azi, kin ga inda wa'azi ya kai ni. Ki ce, "Ba na yi," ki ci gaba da aikinki. Gobe su dawo, ki sake cewa haka, da fuska ɗaya. Mai saye ba ya ɓata lokaci a shagon da ba a sayarwa. Kada ki ɗauki hoton abin da ke kan kwamfuta da wayarki, ko don ki nuna wa ƙawa abin mamaki. Kada ki ba kowa lambar sirrin da kike shiga da ita, ko za ki je salla ne ki dawo, don ranar da abu ya fashe sunanki za a gani, masu lemo sun ɓace. Idan oga da kansa ya ce ki tura, ki ce cikin ladabi ya nuna miki inda marasa lafiyar suka yarda. Idan kuwa suka ce ko ki yi ko ki bar aikin, ki ɗauko jakarki ki taho gida. Wallahi ba zan ce miki komai ba sai sannu da zuwa. Tuwon gidan nan bai taɓa gaza mutum ɗaya ba, kuma wuraren gwaji na gari suna nan, su ma neman wanda za su yarda da shi suke yi ido rufe.

Shi Kabiru kada ki yanke masa gaisuwa. Ba shaiɗan ba ne, kuɗin hayar Abuja ne ya shaƙe shi, kuma bai taɓa ganin ƙwaryar nono ta koma gida cike ba. Ni zan neme shi da kaina. Mamanki ta ce sai dai ta raka ni, don ta riƙa taka mini ƙafa idan na fara.

Ki sani hankalina a kwance yake da ke. Dariyar da kika yi ranar Juma'a ta rashin sani ce, ba ta mugunta ba. Ke ce fa, kina 'yar ƙarama, kika gane mamanki na da cikin ƙaninki tun kafin a gaya wa kowa, kika yi gum, gwaggwanninki suna ta lallaɓa ki da alewa don ki faɗa, ba ki ce uffan ba. Ni kuwa kafin azahar na gaya wa duk wanda ya kawo ɗinki. Zurfin cikin mamanki kika ɗauko, ba bakina ba, na gode wa Allah. Adda Dije ma tana nan da ƙarfinta, tana zuwa ganin likitanta, kasuwarta ta dawo har ta fi da, kuma yanzu tana da wayarta a ɗaure a bakin zani. Har yau ni ke yi wa jikokinta ɗinkin Sallah. Idan ta zo sai ta ce, "Tela, rufe bakin ka auna." In rufe in auna.

Saura abu ɗaya, shi ne mafi wuya, shi ya sa na bar shi ƙarshe. Da zarar an ji 'yar Tela na aiki a wurin gwaji, mutanenmu za su fara zuwa can, don suna ganin akwai tasu. Za ki ga sunayen da kika sani. Kuma wata rana za ki zo hutu, ki zauna a bencin shago, in sayo miki tsire, mu yi hira mu yi dariya. Sai in rage murya in ce, "Ni kam Ummi, an ce an ga Alhaji wane a wajenku. Lafiya dai ko?" Na san kaina, zan tambaya. Zan ce ai ni ubanki ne. Zan ce don in je dubiya ne. Idan kin ƙi zan yi fushi, wataƙila in ce ilimi ya sa kin raina ni.

Ki hana ni, Ummi. Ki kalle ni ki ce, "Baba, ba na faɗa." Ki bar ni in yi ta faɗana har in gaji. Idan kika iya hana ni, ba kamfanin da zai iya da ke. Ni kuma idan na huce, zan tashi in yi alwala in yi raka'a biyu na godiya.

Allah Ya tsare ki a fitarki da shigarki. Ya tsare idonki da hannunki da harshenki, Ya sa albarka a abin da za ki samu komai ƙanƙantarsa, Ya rufa miki asiri kamar yadda za ki rufa na bayinSa. Mamanki da ƙannenki suna gaishe ki. Ki riƙe salla, ki ci abinci a kan lokaci, ki kira mu idan kin samu sarari.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Sani Tela, Karu.